Gadin Koma a Zauren Surukina

Ni mutum ne da ya tashi yana ganin kwanciyar rana ta jariri ce da mai jego da malalaci. Sunana Bello, gyaran injin ban-ruwa nake yi a Birnin Kebbi, kuma na rubuta wannan ne bayan Allah ya ba ni sauƙi, saboda masu irin halina. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To nawa ya kama, ga ni na zo in nuna muku inda ya ƙone. Akwai wuraren da kunya ke so in tsallake, sai dai in na tsallake su labarin bai da sauran amfani.

Duk wanda ya san noman rani a fadama ya san lokacin da irinmu ke ci. Daga an dasa shinkafa har ta fitar da kai, in injin manomi ya tsaya kamar numfashinsa ne ya tsaya. Wayata ba ta shiru. Da safe ina Ambursa, kafin rana ta karya wani ya kira ni daga wajen Augie, ni kuwa in ɗaure jakar sifanu a bayan babur in kama hanya. Azahar ina sallamewa nake miƙewa, abinci a tsaye nake cinsa, barcin dare kuma ɗan abin da ya samu ne. Ina alfahari da hakan, ba zan ɓoye ba.

Maƙwabcin shagona kafinta ne, Bulus, ɗan Filato da ya daɗe a garin nan har harshensa ya fara karkata irin na Kabawa. Kullum rana ta take sai ya kakkaɓe dusar katako daga bencinsa, ya miƙe, ya kifa hula a fuska. In na wuto ina yi masa tsiya, in ce mutane na neman kuɗi shi yana neman mafarki. Daga ƙarƙashin hular yake amsa mini cewa zafin nema ba ya kawo samu. Mu yi dariya, in wuce.

Ciwon ya fara ne daga ƙeya. Wani nauyi ne yake sauko mini da hantsi, ya zauna har yamma. Daga baya kunnena ya soma ƙugi kamar an bar inji a kunne can nesa. In na tsuguna kan aiki na miƙe, sai gari ya yi duhu na ɗan lokaci. Na riƙa sayen maganin ciwon kai a kemis ina haɗiya da shayi. Matata Kulu ce ta fara lura da cewa faɗa ya yi mini yawa, yaro ya yi tari in daka masa tsawa. Ta ce in je asibiti, na ce in an girbe shinkafa.

Ban kai girbin ba. Wata rana cikin zafin bazara a Ambursa, na gama haɗa wani inji na kama igiya na fizga, sai fadamar ta juye da ni. Na farfaɗo na ga kawunan manoma a kaina, wani yana kwara mini ruwa da tiyo. Tun a nan aka fara yi mini fassara: wannan ya ce iskar fadama ce, wancan ya ce rana ce ta buge ni. Allah ya saka wa mai gonar da alheri, bai saurari kowa ba, ya tare mai keke ya ce a wuce da ni asibiti cikin Birni. Kafin mu isa Kulu da Bulus suna bakin ƙofa.

Wanda bai taɓa layin asibitin gwamnati ba, ina yi masa fatan kada ya taɓa. Layin yankar kati daban, na awo daban, na ganin likita daban, kowanne kuma da mai tsaronsa da ke ganin kai ka jawo wa kanka ciwon don ka ɓata masa rana. Mutanen ƙauye kwance a baranda da tabarminsu da kwanukansu. Amma a cikin wannan hayaniyar ne wata nas ta ɗaura mini abin awon jini, ta duba, ta sake ɗaurawa, ta kira 'yar'uwarta ita ma ta duba, sannan ta kama hannuna da kanta ta tsallakar da ni layin. Ban san sunanta ba, ina yi mata addu'a har yau.

Aka ce hawan jini ne, ya hau ƙwarai. Suka riƙe ni 'yan kwanaki. Likitar da ta sallame ni matashiya ce mai tabarau, ta tambaye ni sana'ata da yadda nake wuni, na zayyana mata ina jiran yabo. Sai ta ce:

"Injin da ya yi ta aiki tun safe har ya ɗau zafi, me kake ce wa mai shi?"

Na ce a kashe shi ya sha iska, in ba haka ba zai buga.

"To kai ma ka kusa bugawa, Malam Bello."

Ta rubuta ƙwayoyin da zan riƙa sha kullum, ta hana ni gishiri da yawan goro, ta ce in riƙa samun barcin dare isasshe. Sannan ta ƙara da cewa bayan azahar in sami wuri mai sanyi in kwanta, ba dogon barci ba, ɗan gajere, in tashi kafin la'asar. Ta ce barcin ba zai maye gurbin ƙwaya ba, amma ƙwaya ba ta jin daɗin aiki a jikin da ba ya hutawa. Na ce to. A zuciyata kuwa na ɗauki ƙwayar na bar mata barcin a kan tebur.

Makon farko a gida masu dubiya suka cika ɗaki, kowa da asibitinsa a baki. Gwaggona ta aiko da tafarnuwa da zoɓo marar sukari. Wani abokina ya ce ƙaho kawai za a yi mini a zuƙe mugun jinin. Wani ya matso kusa da kunnena ya ce in bincika, ba a rasa mai baƙin ciki da kasuwata. Na gode musu duka, domin ƙauna ce ta kawo su, amma gaskiya sun fi ciwon gajiyar da ni. Ga gidan hayarmu bango ɗaya da injin niƙa, ga kwanon ɗaki in rana ta yi sai ka ce tanda. Ga manoma suna sallama a ƙofa da injinansu a kan babur, suna cewa Allah ya ƙara sauƙi, amma dai ko zan ɗan duba musu fulogi.

Mako na biyu na koma shago. Gwaje-gwaje da magani sun lashe abin da na tara a ranin, na ce zama bai kama ni ba. Bulus ya nuna mini bencinsa ya ce ya ba ni aro kullum bayan azahar. Na ce in kwanta a bakin titi, manoman da ke kirana gwani su zo su same ni baki buɗe? Allah ya kiyaye.

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A mako na uku ina ɗaure wani noti sai sifana ta zame daga hannuna na hagu. Na sunkuya in ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Leɓena na gefen nan ya yi nauyi, na kira Bulus na ji sunan ya fito a karkace. Tsoron da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, domin mai gyaran inji in ya rasa hannu ya rasa tuwon gidansa. Muka koma asibiti a gigice. Abin ya sake ni kafin yamma, amma likitar ba ta sake ni ba. Ta ce wannan shanyewar ɓarin jiki ce ta ƙwanƙwasa ƙofa, in ta dawo ba lallai ta yi sallama ba. Ba ta ma ƙara yi mini magana ba, sai ta juya ta fuskanci Kulu, ta ce ta kai ni inda waya da manoma ba za su same ni ba.

Iyayena sun rasu, yayana yana Kudu a ɗaki guda da iyalinsa. Kulu ta ce to sai Argungu, gidansu. Na ce sam. Tun da na aure ta ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gaban iyayenta ba, ban taɓa kama sunansu ba, in na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake tsugunawa, idona a ƙasa, in gama in fice. Yanzu a ce ƙato kamata ya tafi jinya gidan surukai? Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Baban Nana, ko ka aje kunya ko ka aje hannu. Zaɓi guda."

Haka muka shiga motar Argungu, wayata a kashe cikin jakarta.

Mahaifinta, wanda nake kira Baba, tsohon masunci ne. Ƙarfi ya ja baya, ya bar shiga ruwa, sai ɗinkin koma, wato ragar kamun kifi, yake yi wa masu shiga. Yana da wani zaure na ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, in ka shiga da tsakar rana sai ka ce randa ka shiga. A nan yake aikinsa, a nan kuma yake ƙailularsa, wato ɗan barcin nan na bayan azahar. Duk unguwar an sani, in Baba ya sake labulen zaure ba a yi masa sallama sai an kusa kiran la'asar. Kulu ta ce tun tana yarinya haka ta tarar da shi.

Ni aka ba ni ɗakin ƙanenta da ke makaranta, ɗakin kwano, ƙofarsa tana kallon madafar Inna, mahaifiyarta. Sun karɓe ni hannu bibbiyu. Inna ta riƙa yi mini romon kifi ba gishiri, da tuwon shinkafa mai laushi, da fura. Ni kuwa na zama gunki. Tun safe nake saka riga da hula in zauna a bakin katifa a miƙe. In na ji takun mutum sai in gyara zama. In an kawo abinci in ɗan taɓa in rufe, kada a ce surukin nan ci ne ya kawo shi. Kwanciya da rana kuwa, Inna tana kai da kawo a tsakar gida, ko a mafarki ban yi tunaninta ba. Kulu ta yi lallashi, ta yi faɗa cikin raɗa, ta sake labule, na ɗage shi, domin a ganina sakin labule da rana a gidan surukai ya fi kwanciyar muni.

Da muka je awo a asibitin Argungu, jinin yana nan inda yake, bai sauka ba. Mai awon ya tambaya ko ina shan magani, na ce ina sha. Ko ina hutawa, na ce ai ba abin da nake yi sai zama. A hanyar komawa Kulu sai share ido take yi da bakin mayafi. Yatsun hagu kuma suka dawo da wani ɗan tsira-tsira da safe, na ɓoye mata.

Washegari bayan an sauko daga azahar, na ji muryar Baba daga tsakar gida. Ba da ni yake ba, da ɗiyarsa yake, amma ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Kulu, ina da aiki bakin gulbi kwanakin ga. Ki ce ma baƙo shi taimaka shi tsare min zaure, awaki na shiga suna tauna min koma."

Daɗi ya kama ni. Ga aiki an ba ni, zan ci tuwon gidan da hujja. Na gyara hula na tafi zaure. Komar tana rataye, wata a tare a gefe, ga tabarma a shimfiɗe da matashi, ga ɗan tulun ruwa. Na zauna na jingina da bango ina gadi. Sanyin ƙasar nan ya ratsa bayana. Na ce bari in ɗan miƙe ƙafa ɗaya. Abin da na sani ke nan.

Gyaran murya ne ya tashe ni, daga can nesa, da jan takalmi a ƙasa. Na zabura na ga hulata a gefe, yawu a kumatuna, wata akuya kuma tana kwance lafiya lau a kan komar da aka ba ni tsaro. Na kore ta, na goge fuska, na zauna kamar alƙali. Baba ya daɗe yana tari a waje yana gaisawa da wani kafin ya shigo. Na tsuguna na yi masa sannu da aiki, ya ce madalla da tsaro, na sulale na fita ina jin na tsira.

Haka muka yi ta yi kullum. Ina tsammanin wayo nake yi, ina satar barci a bakin aikin gadi ba wanda ya sani. Kuma a nan ne na ga abin da likita ke faɗa. Nauyin ƙeyar nan ya fara ɗagawa. In na tashi daga ɗan barcin sai in ji idona ya washe, kamar an ba ni safiya ta biyu a rana guda. Ƙugin kunne ya ragu. Na daina jin haushin kukan yara, har 'yata Nana ta fara zuwa tana zama kusa da ni ba tare da ta leƙa fuskata tukuna ba. Abin mamaki, barcin dare ma ya fi zuwa mini da sauƙi. Na lura kuma ranar da na zarce har bayan la'asar na tashi jiki a mace kai a daƙushe, ashe gajeren ne mai amfani. Awo na gaba jinin ya fara sauka, na bayansa ya ƙara. Na riƙa matsa yatsuna a ɓoye ina jin ƙarfinsu na dawowa.

Bulus ne ya tona asirin, bai kuma san ya tona ba. Ya zo dubiya wata rana dab da la'asar, ya same ni a zaure na gama wartsakewa. Muka gaisa, ya ce ai tun azahar ya sauka a tasha. Na ce to ina ya tsaya? Ya ce ya shigo unguwar yana tambayar gidan, sai ya ga wani tsoho zaune kan dutse a bayan masallaci, cikin 'yar inuwar katanga da ba ta rufe masa ƙafafu ba, yana gyangyaɗi yana faɗowa yana tashi. Ya tambaye shi, tsohon ya nuna masa gidan, amma ya riƙe masa riga ya ce kada ya shiga yanzu, mai jinya na barci, ya zauna su jira tare. Bulus yana dariya ya ce:

"Mun sha rana, Oga Bello. Na ce Baba, kullum nan kake zama? Ya ce kwanakin nan dai. Wane ne shi, maƙwabcinku ne?"

Nan take na gane Baba ne. Sai a lokacin hankalina ya dawo: wane aiki ne a bakin gulbi da tsakar rana cikin bazara, ruwa ya ja baya, ga tsohon da ya bar kamun kifi tuntuni? Wace akuya ce ta hana shi barci duk shekarun nan sai da na zo? Na tuna jan takalmin nan da dogon tarin nan a ƙofa. Na tuna yadda idanunsa suka yi ja kwanakin nan, da yadda Inna ke jiƙa masa tsumma yana ɗorawa a ka da yamma. Ni na ƙi kwanciya a ɗakina don kada in ji kunyar surukina, na je na kore shi daga shimfiɗarsa ina minshari a kan matashinsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan Bulus ya tafi na tambayi Kulu ko ta sani. Ta ce ta sani, Inna ma ta sani, har yaran maƙwabta an hana su wasa kusa da zauren. Gidan duka sun sani, ni kaɗai ne mai wayo. Na ce gobe za mu koma Birni. Ta ce in na koma yanzu, ranar da tsohon ya sha ta tafi a banza.

Washegari da aka sallame azahar ban nufi zaure ba. Na bari mutane suka watse, na zagaya bayan masallaci. Yana nan kan dutsen, ya lulluɓe kai da rawani, ƙafafunsa cikin rana. Na tsuguna a gabansa, ƙasar tana ƙona mini tafin ƙafa. Ban taɓa fara yi masa magana ba in ba gaisuwa ba. Da ƙyar na ce, idona a ƙasa, Baba komar nan ba ta bukatar tsaro, ya koma ɗakinsa, na ji sauƙi.

Ya yaye rawanin daga kansa. Sannan ya ce:

"Surukina na can Birnin Kabi, mai gyaran inji, shi nika jin kunya. Wanga da anka kawo min ba lahiya ɗana na. Tashi mu tahi, zaure na da hwaɗi."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ina biye da shi har gida, hawaye na zuba ban iya tare su ba, na gode Allah da yake a gaba yake. Ya shiga ya jawo wata tabarma daga bayan koma ya shimfiɗa a ɗaya gefen, ya tura mini matashin da ƙafa, ya sake labule. Ya kwanta ya juya fuskarsa bango, ba a jima ba numfashinsa ya canza. Na daɗe a zaune ina kallon bayansa. Daga nan na cire hulata da hannuna na hagu, na ajiye ta a gefe, na kwanta na fuskanci nawa bangon.

Na ƙara 'yan makonni a gidan kafin likitar Birni ta yarda in koma aiki. Ta duba awon ta ce yanzu na zama mutum, amma ƙwayar nan ni da ita har abada, kada in ji sauƙi in yar. Shinkafar bana an girbe ta ba da ni ba, wasu manoman sun koma wurin wani, ban kuma mutu ba. Na sa Bulus ya yi mini benci, ya yi shi da ɗan faɗi, bai kuma bar ni na manta da maganar neman mafarki ba, kullum sai ya tambaye ni me na gano. In an sallame azahar ina kashe waya in jawo ƙofar shago. Manomin da ya zo ya tarar da ni baki buɗe, ya jira. Aikin da nake yi bayan na tashi ya fi na da tsabta, ban ƙara komawa gona don notin da na manta ban ɗaure ba.

Kai da ke jin nauyi a ƙeya kana cewa sai an yi girbi, je ka a auna ka tun kana tafiya da ƙafarka. In an ce ka kwanta da rana, ka kwanta, kada ka bari sai wani tsoho ya sha rana a madadinka.

Har yau ban yi wa Baba godiya ba, ban san ta inda ake fara irinta ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. In mun je Argungu na koma suruki sosai, hula a ka, tsugune a bakin ƙofa, ido a ƙasa. Amma in an sauko daga azahar na leƙa zaure, tabarma biyu nake tararwa a shimfiɗe.